Zaren da Ke Lilo a Bayan Saƙa

Tambaya: Anti, ina saƙar kwarashi a Maradi, an ba ni aikin faifan ɗora kofi masu hoton jemage da kabewa, irin na bikin da Amurkawa ke yi ranar 31 ga Oktoba, amma zare yana lilo a baya. Yaya zan yi?

Amsa: Ƴata, ki kwantar da zaren da ba kya amfani da shi bisa layin, ki riƙa saƙawa a kansa har ya ɓuya. Wajen canza launi kuwa, da sabon zaren za ki ƙarasa madauki na ƙarshe kafin wurin canjin. Ki zaɓi zaren auduga, domin yana shan ruwa kuma yana jure zafin kofin shayi.