Ɗamarar baya ko na'urar awon tansiyo: wanne zan saya wa Baba?

Tambaya daga unguwar Zariya, Maradi: Maƙwabcinmu ya tashi lafiya lau, kafin azahar ƙafafunsa sun mutu. Likitoci suka ce jini ne ya yanke wa lakar bayansa. Mahaifina na da hawan jini da ciwon suga, hankalina ya tashi. An tallata mini ɗamarar baya da maganin “wanke jijiya” a kasuwa. Me zan saya?

Malam, Allah ya ba maƙwabcinku lafiya, ya yi maka albarka. Ka bar ɗamarar nan da maganin ƴan talla. Laka tana cikin ƙashin baya ne, jijiyoyin jini uku ke bin tsawonta suna ciyar da ita, ɗaya ta gaba, biyu ta baya. Ta gaban ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na lakar, har da ɓangaren da ke motsa ƙafafu. Ɗamara a kan fata take tsayawa, ba ta isa can.

Abin da ke lalata jijiyoyin nan shi ne hawan jini, suga, kitse a jini da taba sigari. Don haka kuɗinka su tafi ga na'urar awon tansiyo daga farmasi, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu gaskiya. A riƙa rubuta awon a littafi. In ya dinga kai 14/9 (wato 140/90 a fuskar na'urar) ko fiye, a kai wa likita. Sauran canjin a saya wa Baba magungunan da aka rubuta masa kada su yanke. Ina roƙonka, kada a ninka ƙwaya don tansiyo ta sauka da sauri, domin faɗuwar jini ƙasa sosai ita ma tana hana laka samun rabonta. Aspirin ma sai da izinin likita.

In ciwon baya mai tsanani ya zo farat ɗaya, ƙafafu suka yi nauyi, fitsari ya riƙe, ko mutum ya daina jin zafi da sanyi a ƙafa, ba aikin mai ɗori ko ƙahon wanzami ba ne. A wuce asibiti a wannan sa'a. Hoton IRM (wato MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu) ne ya fi nuna laka.

Tambaya daga Tibiri: Maigidana ya riga ya kwanta da wannan ciwo. Katifa mai tsada zan saya?

Ƴar'uwa, sannu da ɗawainiya. Katifa mai taushi tana taimakawa, amma juya shi duk bayan awa 2 da tsane masa jiki su suka fi hana gyambon kwanciya. In kuɗin ba su isa duka ba, ki fifita gashin ƙashi a asibiti, don masu yawa suna samun sauƙi a hankali cikin watanni.