Kafin ka rubuta "Colles" a katin majiyyaci

Ka ce sunayen karayar wuyan hannu sun yi maka yawa, ka rasa yadda za ka rarrabe su. To ƙanena, ajiye sunayen tukuna. Sa a ɗauko maka hoton ƙashi ta gaba da ta gefe, sannan ka duba abu uku: karayar ta shiga cikin gaɓa ko a wajenta ta tsaya? Guntun ƙashin ta ina ya goce? In an ja an daidaita, zai zauna ko zai sake zamewa?

Galibi a bakin radiyos take, ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa. Mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, guntun ya goce baya, hannun ya lanƙwashe kamar cokali mai yatsu, ita ce Colles, da sunan likitan Dublin da ya bayyana ta a 1814. In ta ɓangaren tafi ya goce, Smith ce, kuma ba ta cika zama a filasta ba. Barton kuwa cikin gaɓa take tsagawa, ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu su bi guntun su zame. Ita yawanci sai tiyata a sa ƙarfe.

A rubutu na fi son tsarin AO, wanda ya kasa karayar gida uku, A, B da C, don ba ya rikita wanda zai karɓe ka aiki: A ba ta taɓa gaɓa ba, B ta ɓalle wani sashe nata, C ta raba gaɓar gaba ɗaya da jikin ƙashin.

Kada ka yi ƙiyasi da ido, ka auna. Bayan an daidaita, in tudun da wani guntu ya yi a kan ɗan'uwansa a cikin gaɓa ya wuce milimita 2, ko radiyos ya gajarce fiye da milimita 3, ko ya karkata baya fiye da digiri 10, filasta kaɗai ba za ta wadatar ga mai sauran ƙuruciya ba. A sake hoto bayan mako guda, domin da kumburi ya saɓe filastar takan yi sako-sako, ƙashin ya koma inda ya fito.

Taɓa babban yatsa, manuniya da na tsakiya tun kafin ka ja hannun. In sun yi dundurus, ba ya jin taɓawar, jijiyar tsakiya mai kai musu ji ce ta matsu, ba a kwana da wannan.

In hoto ya fito tsaf amma akwai zafi a ɗan ramin gindin babban yatsa, kada ka ce targaɗe ne. Karayar sikafoyid, ƙaramin ƙashin wuyan hannu da ke ƙarƙashin ramin nan, kan ɓuya a hoton farko, ga shi jini daga ƙarshensa na ɓangaren yatsu yake shigarsa, guntun da ke ɓangaren radiyos na iya mutuwa. Sa filasta, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14.