Facin fenti a ƙofar ɗaki: me ya sa yake fitowa fili?

Wani yaron shago ya tambayi maigidansa: "Oga, ƙofofin cikin gida da firam ɗinsu sun yi baƙi daga ƙasa, wasu wuraren sun karce. Na shafa ragowar fentin da aka yi aikin da shi tun farko, amma da ya bushe sai facin ya fito fili. Ina na kuskure?"

Ɗana, ka riga ka ɗauki buroshi tun ba ka san ciwon ƙofar ba. Yawancin baƙin da kake gani a ƙasan ƙofa robar takalmi ce da dauɗa suka hau kan fenti, fentin kuwa lafiyarsa ƙalau. Wurin hannu kuma maiƙon tafi ne. Ruwan ɗumi, ɗan sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi, ka goge, ka ɗauraye, ka bari ya bushe. Abin da ya rage bayan nan shi ne aikinka.

Sai ka bi wurin da farce. In farcen ya wuce sumul, saman fenti kawai ya ƙuje: sanfefa mai lamba 220 ta isa. In ya maƙale, rami ne, sai an cike. Ka cusa fila, wato kwaɓin cike rami, da wuƙar foti, ka bar ta ta ɗan yi tudu, don tana tsukewa in ta bushe. Ramin da ya wuce milimita 3 kada ka cike shi lokaci guda. Sama za ta bushe, ciki na ɗanye, daga baya ta tsage. Yi shi hawa biyu. Goge da sanfefa mai lamba 120, ka gama da 220, kana naɗe sanfefar a ɗan guntun katako, kana bin tsawon jijiyar itacen. In da yatsa kawai ka danna ta, za ka yi kwari. Ƙofar filawud kuwa ka sassauta hannu, fatar samanta ba ta da kauri, in ka huda ta gyaran ya zama babba.

Yanzu ga dalilin da facinka ya tona maka asiri. Fentin mai, musamman fari, yana komawa ruwan ɗorawa da shekaru, ya fi yi a inda rana ba ta shiga. Na cikin gwangwani bai sha abin da na ƙofa ya sha ba, don haka launi ba zai zo ɗaya ba. Ƙyalli ma haka. Sannan fila tana shan fenti fiye da kewayenta, sai wurin ya dushe. Shi ya sa ake ɗiga mata andakot, wato fentin shimfiɗa na ƙasa, tukuna. Kuma in ba ka juya gwangwanin har ƙasa ba, launin yana kwance a gindi, ruwan da ya taso sama kawai ka shafa.

Kafin ka buɗe kowane gwangwani, jiƙa auduga da sifirit ka murza a gefen ƙofa wajen hinji. In launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne. In bai biyo ba, na mai ne. Fentin ruwa a kan na mai mai sheƙi ba ya kamawa, da farce za a ɓare shi, sai an kashe sheƙin da sanfefa an sa andakot.

Ƙaramin tabo kamar ƙwayar wake, ɗiga shi da bakin ƙaramin buroshi ka ƙyale shi. Wanda ya kai tafin hannu kuwa, a ganina ɓata lokaci ne yin faci a tsakiya. Ka fente wannan ɓangaren gaba ɗaya, daga gaɓa zuwa gaɓa, inda katako ya haɗu da katako. Ido ba ya kama bambanci a kusurwa. Ƙofar da take shafe ba gaɓa, fuskar duka za ka bi. Shafi biyu marasa kauri, kana share ƙura da tsumma mai ɗan danshi a tsakani. Na ruwa ka ba shi awa 4 kafin na biyu, na mai 16 zuwa 24.

Katakon da aka yi wa banish lissafinsa daban. In lotsawa ya yi, jijiyar ba ta yanke ba, ka kankare banish ɗin wurin, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ka danna dutsen guga mai zafi na 'yan daƙiƙu. Tururi zai kumbura itacen ya taso. Kafin ka mayar da banish ɗin, ka gwada launi a ɓoyayyen wuri, ka fara da mai haske, don ƙara duhu yana da sauƙi, rage shi ne wahala.

Tsohon gida mai fenti hawa-hawa, akwai yiwuwar dalma mai guba a ciki: jiƙa sanfefar, sa takunkumi, fitar da yara. Kuma kada ka rufe ƙofar wai don ka taɓa ka ji ta bushe. Fentin zai manne da firam ya ɓallo. Sa mata ɗan katako a ƙasa ta kwana a buɗe.