Wa zai ɗauki nauyin zauren falsafarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne a Gwale, cikin birnin Kano. Muna da zauren da muke haɗuwa duk Asabar bayan La'asar, muna karanta mantiƙi da tunanin su Farabi da Gazali da Ibn Rushd, muna kuma tattauna yadda Bahaushe ya fahimci kirki da mutunci. Burinmu abin ya zama tafiya, ya shiga makarantu da rediyo, da harshen Hausa. Amma aljihu ya gaza. Na ji ana cewa akwai ƙungiyoyin waje masu tallafa wa irin wannan aiki. Ina ake samunsu? Ni kuma da na gama digirin farko, zan iya samun gurbin ƙaro karatu ta wannan hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa wannan zaure albarka. Tambayarka biyu ce a haɗe: kuɗin karatunka daban, kuɗin tafiyarku daban, kuma ba ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa ba.

Na karatun ya fi sauƙin bayani. Tunda falsafar Musulunci ce a gabanka, ka fara duba tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya. Ana neman sa daga Janairu zuwa Fabrairu, yana ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da shekara guda ta koyon Turkanci, amma mai neman digiri na biyu sai yana ƙasa da shekara 30, na uku ƙasa da 35. Akwai Chevening na Birtaniya, digiri na biyu na shekara ɗaya. Su suna neman wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, wato awa 2,800, kuma aikin sa kai yana shiga lissafi, da sharaɗin ka dawo gida ka yi shekara biyu bayan gamawa. TETFund kuwa, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, kada ka ɓata lokaci a kansa in ba malami ba ne kai a jami'a ko kwaleji ta gwamnati, domin ma'aikatan waɗannan makarantu yake wa hidima.

Batun tafiyar shi ne nake so mu tsaya a kai. Masu ba da kuɗi a wannan fage iri biyu ne. Akwai masu biyan kuɗin bincike, su bar ka da abin da binciken ya gano. Akwai kuma waɗanda aka kafa domin yaɗa wani ra'ayi takamaimai, kuma kuɗinsu na wannan ra'ayin ne kaɗai. Cibiyar Ayn Rand a Amurka tana shirya gasar rubutu da kyautar kuɗi, amma a kan littattafan ita marubuciyar, Ayn Rand, da falsafarta ta fifita maslahar kai. Atlas Network, wadda aka kafa a 1981, tana tallafa wa ƙungiyoyi masu kiran a sakar wa kasuwa mara. Akwai masu tallafa wa ƙungiyoyin da ba ruwansu da addini. Babu wanda ya ɓoye manufarsa a cikinsu, tana rubuce a shafinsu. Matsalar tana zuwa ne daga wajenmu: matashi ya ga dala, ya cike fom bai karanta ba, bayan wata shida a ce ya shirya taro kan abin da ba zai iya faɗa a gaban mahaifinsa ba, balle a gaban malamin da ya koya masa tauhidi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma a Kano, ka sani na sani, da zarar an fara cewa zaure kaza kuɗin waje ke juya shi, iyaye za su janye 'ya'yansu, ko da abin da ake karantawa ba shi da aibi. Mutuncin zauren ya fi kowane tallafi tsada.

Akwai wani haɗarin ma, ko da kun yarda da ra'ayin. Masu tafiyar nan ta Effective Altruism, masu cewa a auna kowane taimako a zaɓi wanda ya fi amfani, sun dogara ƙwarai da asusun FTX, wani kamfanin cinikin kuɗin intanet na kirifto. Da kamfanin ya durƙushe a Nuwamban 2022, alƙawuran tallafi da dama suka bi ruwa, ayyukan mutane suka tsaya cak. Tafiyar da ke rataye a wuyan mai kuɗi ɗaya, ranar da ya faɗi tare za a faɗi.

A ɓangaren masu biyan bincike, babbar cikinsu a fagen falsafa da addini ita ce Gidauniyar John Templeton, wadda aka kafa a 1987. Ana fara tura musu taƙaitaccen bayani, in ya yi musu sai su nemi cikakke. Sai dai yawanci jami'o'i da cibiyoyi suke ba wa, don haka hanyarku ita ce ku nemi malami a Jami'ar Bayero, a sashen Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci ko Harsunan Najeriya, ya jagoranci aikin, ku ku zama hannunsa a cikin gari. CODESRIA da ke Dakar, tun 1973 take tallafa wa masu bincike na Afirka, ita ma ta nan ɓangaren take.

Amma wanda na fi kwaɗaita muku shi ne shirin ceto tsofaffin rubuce-rubuce na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia. Kano, garin da babban malami Al-Magili ya zauna ya karantar a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, gidajen malamansa cike suke da gafaka. Ka buɗe wata ka ga takardu warwatse, rubutun tawada da jan wasali, sharhin wani malami da ƙananan baƙaƙe a gefen shafi, gara ta ci kusurwa. A irin waɗannan gefunan ake ganin yadda kakanninmu suka yi jayayya da hujja. Shirin yana biyan kuɗin ɗaukar hotonsu, asalin takardun kuma suna zama a ƙasarsu. Ku dai gaya wa magada tun farko cewa hotunan za su hau intanet kowa ya gani, a samu yardarsu. Tafiyar da ta tono nata tunanin ba ta da buƙatar aron na wani.

Kafin duk wannan, akwai aikin takarda. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu. Za a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Sannan takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda banki zai tambaya kafin ya buɗe muku asusu da sunan ƙungiya. Kada kuɗin zaure ya taɓa kwana a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Ku sayi littafi mai kauri, duk zama a rubuta kwanan wata, darasin da aka yi, da sa hannun mahalarta, a naɗi murya a waya. Mai ba da tallafi abin da kuka riga kuka yi yake dubawa. Duk wanda kuma ya ce ku turo kuɗin fom ko na sakin tallafi, ɗan damfara ne.

Ku zauna ku yi lissafin gaskiya: hayar kujeru, ruwan leda, buga darasi, rabin awa a gidan rediyo duk mako. Za ku ga ba abin da ya fi ƙarfin attajiri biyu ko uku na Kantin Kwari ko Singa ba ne, in aka je musu ta hannun dattijon da suke jin nauyinsa, aka kuma nuna musu cewa ilmi ne ake rayawa. Wani ma ya ba ku hayar shago guda a matsayin hubusi, ta riƙa shigowa duk shekara. Ranar Falsafa ta Duniya ta UNESCO tana faɗowa Alhamis ta uku a watan Nuwamba. Ku nemi ɗakin taro a Gidan Mambayya ko Laburaren Murtala Muhammad, ku gayyaci malaman jami'a da na zaure su zauna teburi ɗaya, ku kuma tura wa waɗannan attajirai katin gayyata tun da wuri.