Na Tsinci Makauniyar Kyanwa, In Riƙe Ta Ko In Yar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mako uku da suka wuce, bayan wani ruwa da aka kwana ana yi, na tsinci 'yar kyanwa a bakin kwatar bayan gidanmu, jiƙe sharkaf, kwantsa ta liƙe mata ido. Na yi ta goge mata da ruwan ɗumi har suka buɗe, amma ɗaya ya yi fari fat, ɗayan kuma ya shige ciki. Tana ci, tana wasa, sai dai kullum cikin karo take da ƙafar gado. Surukata ta ce in kai ta bakin kasuwa in yar, wai kyanwar da ba ta kama ɓera ba ta da amfani, kuma ba a sani ba ko ta mutanen ɓoye ce. Za ta warke? In ba za ta warke ba, riƙe ta ba wahalar da ita ba ne?
Daga wata matar aure a Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri. Ki riƙe ta.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da murar kyanwoyi, wadda ke kama 'ya'yan da aka haifa a titi. Ƙwayar cutar na kumbura ido, kwantsa ta taru a rufe, gyambo ya fito a kan baƙin idon. In aka makara, idon ya fashe ya motse. Wanda ya shige ciki ba zai dawo ba, ba zan ɓoye miki ba. Farin kuwa wani lokaci akan ceto ɗan gani a cikinsa, shi ya sa nake so ki kai ta asibitin dabbobi cikin satin nan. Idan aka ce sai babban asibiti, akwai na koyarwa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kada ki sa mata kwalli, kada ki ɗiga mata ragowar maganin idon wani, domin wasu magungunan ƙara zurfin gyambo suke yi. Farasitamol kuwa guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In ta kai wata 3, a yi mata rigakafin ciwon haukan kare.

Ni ma ina da irinta a gida. Ranar Lahadi aka kawo mini ita cikin kwalin taliya, yara suka sa mata Ladi. Shekararta 6 ke nan ba ta taɓa ganin fuskata ba. Da asuba in na buɗe ƙofar ɗaki, za ta taso daga kan buhun da take kwana, ta bi jikin bango gashin bakinta na shafar siminti, ta zagaye randa ba tare da ta taɓa ta ba, ta tsaya daidai inda nake alwala. Baƙo kan yi rabin wuni bai gane makauniya ce ba. Gashin bakin nan shi ne sandarta, don haka ki hana yara aske shi ko ja. Kunnenta na jin siririn sautin da ya ninka iyakar jin ɗan Adam kusan sau uku. Da idona na ga Ladi ta daka tsalle ta cafke fara a tsakar gida, da jin motsin fiffike kawai.

Kuskuren da na fara yi shi ne yawan ɗaukarta saboda tausayi. Duk sanda na sauke ta a wani wuri sai ta daskare, ta yi ta kuka, don na raba ta da hanyar da ta haddace. Kyanwa makauniya da ƙafa da hanci take karanta gida. Ki fara tsare ta a ɗaki ɗaya na 'yan kwanaki, sannan ki bar ta ta riƙa fitowa da kanta. Kwanon abinci, na ruwa da tasar yashin da take kashi su zauna wuri ɗaya, kada a riƙa jan kujeru yau nan gobe can. In dole kika ɗauke ta, ki ajiye ta kusa da kwanonta, daga nan za ta gane inda take. Ki yi mata magana kafin ki taɓa ta, in ba haka ba za ta firgita ta kai yakushi. Karon da take yi da ƙafar gado zai ragu cikin 'yan makonni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsakar gidanmu: rijiya a buɗe, bakin masai, garwashin murhu, bokitin wanki cike da ruwa, maganin ɓera a bayan buhu. A rufe su duka, kuma kada ta wuce zaure.

Kada ki ciyar da ita tuwo da shinkafa zalla. Kyanwa maciyar nama ce, tana bukatar wani sinadari mai suna tawurin da ke cikin nama da kifi, rashinsa ma kan makantar da mai ido ya raunana zuciya. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ƙwai, zuciya da ƙundun kaza suna da amfani gare ta sosai, amma ban da miyar da ta sha albasa da tafarnuwa.

Surukarki Hajiya kuwa ki lallaɓa ta cikin ladabi. Cuta ce ta ci idon, ba wani abu ba. Ki tuna mata hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wadda ba ta gani, in aka yar da ita a bakin kasuwa, ko neman abincin ba za ta iya ba kafin kare ko babur ya same ta. Ki bar Hajiya ta riƙa zuba mata abincin safe da hannunta, kuma ki sake rubuto mini abin da likita ya ce game da idon da ya yi fari.