Tambaya da Amsa: Tsawon Fok ɗin da Ya Dace da Keken Doguwar Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da keken gwanjo irin na hawa dutse, mai taya inci 26. Shakazobar gabansa ta mutu, ni kuma so nake in mai da shi keken doguwar tafiya da ɗaukar kaya, in sa masa fok sandararre wanda ba ya lotsawa. Na ga masu tsawon milimita 395, da 425, da 445. Wanne zan saya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Tsohon fok ɗin da ke jiki shi zai ba ka amsa, don haka kada ka yar da shi tukuna. Ka ja shi ya miƙe gaba ɗaya, domin matacciyar shakazoba kan zauna ƙasa ta ba da awon ƙarya. Sai ka sa tef daga tsakiyar ramin da ƙarfen wili ke shiga zuwa kafaɗar fok, inda zoben boris na ƙasa ke zama.

Wannan awon ba shi za ka saya ba. Da zarar mutum ya hau, shakazoba na lotsawa da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na tafiyarta, wato iyakar nisan da take iya lotsawa, kuma a kan wannan tsayin aka tsara firam ɗin. Fok mai tafiyar milimita 100, tsawonsa yakan kai 470. Cire 25, saura 445. Mai tafiyar 80 yakan kai 450. Cire 20, saura 430, ka ga 425 ya yi. Shi kuwa 395 na tsofaffin firam ne da ba su taɓa sanin shakazoba ba.

Duk milimita 20 da ka rage ko ka ƙara na sauya kwanciyar wuyan keke da kusan digiri 1, tsayin gindin feda kuma da milimita 7 zuwa 8. Ka sa 395 a gurbin 445, gaba ya duƙa da digiri biyu da rabi: kan keke ya riƙa fizga, nauyinka ya koma kan tafin hannu, feda ta riƙa dukan ƙasa a kwana. In fok ya yi tsawo kuwa, kan keke zai riƙa faɗawa gefe a tafiyar sannu, abin ya fi muni in an rataya jakunkuna a gaba, ga wahalar da waldar wuyan firam ke sha. Bambancin milimita 10 ba za ka ji shi ba. In awonka ya faɗa tsakanin biyu, mu dai gajeren muke zaɓa wa keken kaya, muddin ragin bai wuce 15 ba.

Tsawo kaɗai bai isa ba. Duba kaurin bututun da ke shiga wuya: milimita 28.6 ne a yawancinsu, 25.4 a tsofaffi. Duba mazaunin birki, na roba mai kama gefen wili ne ko na faifai. Nemi na ƙarfe mai ramukan noti a tsakiyar ƙafafunsa da ƙasansu, don ɗaura kariyar ɗaukar kaya ta gaba da madigadi.

Kada ka bari makaniki ya yanke bututun ranar farko. A cike rarar bututun da zobba, ka yi tafiyar mako guda da kaya har ka gane tsayin da bayanka ke so. Sannan a yanke, bakin bututun ya tsaya milimita 3 ƙasa da bakin ƙarfen kan keke da ke maƙe shi, in ba haka ba murfin sama ba zai matse boris ba, wuya ya riƙa ƙwas-ƙwas duk sanda ka kama birki.