Sabis a cike, bidiyo ya ƙi tafiya: me ya kamata a saya?

Tambaya ta farko daga wata mai sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari ta zo. Da la'asar take tallan kaya kai-tsaye a TikTok da Facebook. Bidiyon mutane yana buɗe mata sarai, nata kuwa sai ya riƙa tsayawa, masu kallo suna cewa ba sa ganin zanen atamfar. An ba ta shawarar sayen rauta mai 5G, wato na'urar da ke kama sabis ta raba intanet ta Wi-Fi, tana son ta san ko kuɗin zai biya buƙata.

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Saukewa (kamar kallon bidiyon wasu) da turawa (kamar aika naki) ba hanya ɗaya suke bi ba. Wayarki ba ta da ikon tura komai sai ƙarfen sabis ya ba ta izini, kamar direban da ke jiran ɗan kamasho ya ce layinsa ya zo. A tsarin 4G, waya tana fara aika ɗan saƙon neman izini, ta faɗi yawan kayan da ke jibge a cikinta, sannan na'urar da ke ƙarfen ta yanka mata fili. Sau 1,000 ake wannan rabo a kowace daƙiƙa. Idan faɗin tashar ya kai megahaz 20, gutsure 100 ake yanka filin, kuma duk wayar da ke turawa a wannan ɓangaren kasuwa daga cikinsu take ci. Mai rabon yana duba abu biyu: wa zai fi amfana da filin yanzu saboda kyan siginarsa, kuma wa ya daɗe bai samu ba. Ba a hana kowa gaba ɗaya, amma mai sigina mai kyau ya fi kwasa da gutsure ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfin wayar kanta. Ƙarfen sabis yana magana da wat gommai, waya kuwa iyakarta kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Sandunan da kike gani a saman waya suna nuna yadda kike jin ƙarfen ne, ba su nuna yadda shi yake jin ki ba. Wayar tana sanar da shi sauran ƙarfin da ya rage mata, kuma idan ya ga ta ƙure sai ya rage mata gutsure, domin ko an ba ta da yawa ba za ta iya cika su ba. Shago mai bangon siminti, ƙofar ƙarfe da dilolin yadi har rufi, muryar waya ce ke fara shaƙewa a cikinsa.

Shi kuma 5G da MTN ta fara a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo a 2023, a zangon gigahaz 3.5 yake. A wannan zango tasha ɗaya ake yi wa karɓa-karɓa tsakanin saukewa da turawa, kuma kaso mafi tsoka na saukewa ne. A tsarin da aka fi amfani da shi, turawa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na lokacin ba. Ga shi wannan zango bai iya ratsa bango kamar na megahaz 800 da ake amfani da shi a 4G. Idan rautar tana hango ƙarfen ta taga, za ki ji daɗinta ƙwarai. Idan a ƙuryar shago za ki ajiye ta, kina iya ganin saukewa ta haura sama turawa tana nan inda take.

Ki yi gwaji na kwana uku da manhajar Speedtest, ki duba lambar turawa kawai. Ki gwada da sassafe, ki sake gwadawa daidai lokacin da kike talla, sau ɗaya a cikin shago, sau ɗaya a bakin ƙofa ko saman bene. Bidiyo mai ingancin 720 yana son kusan Mbps 3 (ma'aunin saurin intanet ke nan) da ba sa yankewa, don haka ki nemi 5 ko 6 saboda hawa da sauka. In waje ya yi kyau ciki ya lalace, matsalar wuri ce, rauta mai eriyar waje za ta magance ta. In da safe lafiya lau, da la'asar ko'ina ya mutu, cunkoso ne, kuma babu na'urar da za ta ƙara gutsuren da ake rabawa. A nan layin wani kamfani ya fi rauta amfani, ki ari na maƙwabciya ki gwada kafin ki saya. Kuma kafin ki hau talla ki kashe ajiyar hotuna ta Google Photos da ta WhatsApp, domin a layi ɗaya suke tsayawa da bidiyonki.

Wani mai shagon buga takardu da cike fom a intanet ya tambaya: tsakanin MiFi, wato ƙaramar rauta ta aljihu, da aka rubuta wa Mbps 150 da rauta mai Mbps 300, wanne zai fi saurin ɗora takardu?

Malam, lambobin nan biyu duk na saukewa ne. Na'urar 4G mai aji 4 (mai Mbps 150) da mai aji 6 (mai Mbps 300) iyakar turawarsu ɗaya ce, Mbps 50, kuma a gari da wuya ka kai rabin haka. Abin da za ka juya kwali ka duba shi ne ko akwai kafar ɗaura eriya guda biyu a bayan na'urar, da kuma ko tana kama zango na 3, 7, 20 da 28. Rauta ta fi MiFi ne saboda girman eriyarta da kuma damar kafa ta a wuri mai kyau. Bayan ka saya, ka shiga shafinta, a yawancin na Huawei adireshin 192.168.8.1 ne, ka nemi lambar RSRP, wadda ke nuna ƙarfin siginar da rautar ke samu. Daga -80 zuwa -90 ka samu wuri. In ta gangara -110, turawa ta riga ta shiga wahala. Ka riƙa matsar da rautar kana duba lambar. Duk ƙarin maki 3 ninkin ƙarfin sigina ne. Eriyar waje a ɗaura ta sama da rufin kwano, a fuskantar da ita ga ƙarfen, kuma kebul ɗin da ke haɗa ta da rautar kada ya wuce mita 5 in da hali, don siririn kebul mai tsawo yana cinye ribar da eriyar ta samo.

Akwai akwatin ƙara sabis da ake tallatawa a kasuwa, wanda ake kira busta. Kada ka saya. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta hana amfani da shi ba da izini ba, kuma dalilin a fili yake: yana kwarara hayaniya cikin kunnen ƙarfen sabis, sai turawar unguwa gaba ɗaya ta lalace, har da taka.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi: me ya sa kiran waya na yau da kullum yake fita tas a cikin taro, kiran WhatsApp kuwa ya riƙa kakkatsewa, ko sabuwar waya zai saya?

Ɗan'uwa, wayarka ba ta da laifi. Kiran layi yana da matsayi na musamman wurin mai rabon. A 4G ana sa muryarsa gaba da sauran data, a 2G da 3G kuma hanyarsa daban ce. Kiran WhatsApp data ce kamar kowace, tana bin layi tare da masu ɗora bidiyo. A cikin taro ka kashe kyamara ka bar murya kaɗai, ko ka matsa gefe inda kake hango ƙarfen. In maganar mai muhimmanci ce, ka sa kati ka kira ta layi.